Sabar reshe ba ta da amfani in ba a duba ko tana tafiya tare da babbar saba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana kan wani ɓangare na aikin kwamfuta da ba a tunawa da shi sai ranar da ya lalace. Mu masu kula da sabobi ne, wato manyan kwamfutocin da sauran na ofis ke dogara da su, a ma'aikatu da kamfanoni a nan Abuja, kuma maganar tamu da shugabanni ce: manyan sakatarori, daraktoci, magatakardan jami'o'i, da duk wanda sa hannunsa ke fitar da kuɗin kwangilar kayan kwamfuta.

Duk inda ma'aikata ke shiga kwamfuta da suna da kalmar sirri, akwai kundi guda da ke riƙe da sunayen nan, da sashen kowa, da abin da aka yarda ya buɗe. Imel, manhajar albashi, intanet na ofis, har injin buga takarda, duk wannan kundi suke tambaya kafin su bar mutum ya wuce. A yawancin wuraren namu ɗaya cikin biyu ne: Active Directory na Microsoft, wanda ya zo tare da Windows 2000, ko OpenLDAP, wanda aka fara a 1998. Kundin yana zaune a babbar saba a hedikwata, sai a ajiye kwafinsa a saba ta biyu, wani lokaci a ɗaki ɗaya, wani lokaci a reshe kamar na Jos, don ko layi ya yanke ma'aikatan can su iya shiga. Kuma layi yana yankewa. Wayar faiba tana bin gefen titi ne, katafila kuwa ba ta san ta ba. A watan Maris na 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, kowa ya ga yadda aiki ke tsayawa idan komai yana jiran nesa.

Abin da ke damun mu shi ne yadda ake ɗaukar sayen saba ta biyu a matsayin ƙarshen aiki. Ɗan kwangila ya kawo akwati, ya kunna, fitilu kore suna ƙyaftawa, an ɗauki hoto, an biya. Amma kwafi ba ya zama daidai da kansa. Kamar ɗan kasuwa ne mai shago a Wuse da wani a Taminus, yana da littafin bashi a kowanne: in yaron Jos bai samu labarin cewa an daina ba wane kaya ba, zai ci gaba da ba shi da zuciya ɗaya. Sabar reshen da ta daina karɓar sabon bayani ba ta mutuwa, ba ta kuka, tana ci gaba da amsa wa mutane da tsohon kundi. Ma'aikacin da aka sallama a Abuja wata uku da suka wuce yana nan da ransa a kundin Jos. Wanda ya canza kalmar sirrinsa saboda an sace ta, tsohuwar tana buɗewa a can. Wannan ya fi a ce sabar ta mutu ɗungurungum, domin mutuwa kowa zai gani.

Bari mu fara da OpenLDAP, tunda shi ne ke da tsarin babba da mabiya a sarari. Tsohuwar hanyar da babbar saba ke tura bayani da wata manhaja mai suna slurpd an cire ta tun fitowar 2.4 a 2007, don haka duk takardar koyarwa da ta ambace ta ta tsufa. Yanzu syncrepl ake amfani da shi, kuma a nan sabar reshe ce ke zuwa ta nema. Kowane suna a kundin yana ɗauke da hatimi biyu: entryUUID, lambar da ba ta canzawa ko an sauya wa mutum suna ko sashe, da entryCSN, wanda ke ɗauke da lokacin gyara na ƙarshe har zuwa kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, a lokacin UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, ba lokacin Najeriya ba. Kundin gaba ɗaya kuma yana da contextCSN, wato hatimin gyara mafi sabunta. Sabar reshe takan nuna nata hatimin, babbar ta ba ta duk abin da ya faru bayansa.

A babbar saba ana kunna syncprov, ɓangaren da ke ba sabar reshe gyare-gyaren da ta nema, a sa masa ya riƙa rubuta hatiminsa a faifai bayan kowane gyara 100 ko minti 10, a kuma yi wa entryCSN da entryUUID fihirisa, in ba haka ba duk tambayar da reshe ya yi sai an karance kundin daga farko. A sabar reshe ana zaɓar ɗaya cikin hanya biyu. Da refreshOnly, tana zuwa lokaci-lokaci, kuma in ba a faɗa mata tazara ba, sau ɗaya a rana take zuwa. Da refreshAndPersist, tana riƙe layin a buɗe, gyara na faruwa yana isowa. Ta biyun muka fi so, amma tana da tarko: yawancin katangun tsaro na netwok suna yanke duk haɗin da ya daɗe shiru ba tare da sun sanar da kowa ba. Da dare ko ƙarshen mako babu mai gyara komai, katanga ta yanke, sabar reshe tana zaune tana jira a kan layin da ya mutu, ba ta rubuta ko kuskure ɗaya ba. Maganinsa keepalive ne, misali 240:10:30, wato bayan daƙiƙa 240 na shiru ta taɓa layin, har sau 10, tazarar daƙiƙa 30. A kuma rubuta retry, misali "60 +", ta riƙa sake gwadawa kowane minti har abada. Alamar tarawar nan ita ce "har abada". Wanda ya rubuta adadi ƙayyadadde, in layi ya wuce adadin nan bai dawo ba, sabar ta haƙura ke nan sai an sake kunna ta.

Sai asusun da sabar reshe ke shiga da shi don ɗibar bayani. A nan kurakurai biyu ke maimaituwa. Na farko, OpenLDAP ba ya ba kowane mai tambaya fiye da suna 500 a bincike ɗaya sai an ɗage masa iyakar. A lokacin gwaji, da suna 30 ko 40, komai lafiya. Ranar da aka zuba ma'aikata na gaske, kwafi ya tsaya a 500. Dole a ɗage wa wannan asusu iyakar adadi da ta lokaci. Na biyu, dokokin izini. Daidai ne a hana kowa karanta userPassword, gurbin kalmar sirri, amma in aka manta ba a ware wannan asusu ba, sunaye za su iso reshe tsaf babu kalmar sirri ko ɗaya, kowa ya riƙa samun kuskure mai lamba 49, ana zargin ma'aikata da mantuwa. Mafi muni, in aka ƙuntata izinin daga baya ta yadda asusun ya daina ganin wani sashe, sabar reshe na iya ɗauka an goge mutanen ne, ta goge nata. Haka kuma duk wani sabon gurbi da aka ƙara a tsarin kundin hedikwata, kamar lambar fayil ko matakin albashi, sai an fara gabatar da shi ga sabar reshe, in ba haka ba sunan farko da ya zo da shi zai tsayar da jerin duka.

Cika sabuwar sabar reshe a karon farko bai kamata a yi shi ta layi mai rauni ba. A fitar da kundin zuwa fayil da manhajar slapcat, a kai fayil ɗin, a zuba da slapadd alhali slapd, wato ita kanta manhajar OpenLDAP da ke gudana a saba, a kashe yake, sannan a mayar da mallakar fayilolin ga asusun da slapd ke gudana da shi, openldap a Debian da Ubuntu. Wannan mataki na ƙarshe ƙarami ne, amma shi ke hana saba tashi bayan an yi komai daidai. A kuma buɗa wa ma'ajiyar mdb, inda kundin ke zaune a faifai, girmanta tun farko, domin in ba a faɗa ba kusan megabait 10 kawai take ɗauka, ta cika ta daina karɓar rubutu. Fayil ɗin nan kuwa ba takardar wasa ba ce: sunayen ma'aikata ne duka da kalmomin sirrinsu a murɗe. Ba a tura shi ta WhatsApp, ba a ba direban tasha filas a ambulan. A kulle shi da mabuɗi, a goge bayan an gama. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi irin wannan.

Inda layi ke da tsada ko rauni, akwai wani abu kuma. Syncrepl na yau da kullum yana sake aiko da bayanan suna ko rukuni gaba ɗaya ko da gurbi ɗaya aka taɓa. Rukunin da ya ƙunshi duk ɗaliban jami'a, in aka ƙara mutum ɗaya, duk jerin ake sake turowa. A makon rajista wannan kaɗai ya isa ya toshe layi. Delta-syncrepl yana turo gyaran kawai, daga wani littafi na daban da accesslog ke rubutawa. Sai dai littafin yana buƙatar shara, galibi a riƙe na kwana 7 a riƙa sharewa kullum, kuma reshen da ya ɓace fiye da kwanakin da aka riƙe zai koma doguwar hanya.

Yanzu maganar agogo, wadda a ganinmu ita ce babbar cutar ƙasar nan a wannan fanni. A kan allon kowace saba akwai batir ɗan ƙarami mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3, shi ke riƙe agogo idan an ɗauke wuta. A ƙasar da saba ba ta mutuwa, ba a damu da shi ba. A nan kuwa, in ya yi sanyi, wuta ta ɗauke, UPS, batirin ajiyar wuta, ya ƙare kafin a tada janareta, saba za ta tashi da kwanan watan shekarun baya. In babbar saba ce, duk gyaran da aka yi a wannan hali zai ɗauki tsohon hatimi, sabar reshe ta duba ta ga ya girmi nata, ta rubuta "CSN too old, ignoring" a rahotonta ta wuce. Gyaran ya tsaya a Abuja ke nan. In agogon gaba ya yi tsalle aka dawo da shi, haka za a yi ta fama har lokaci na gaskiya ya cimma hatimin. Don haka a canza batirin, a sa chrony, manhajar daidaita agogo, a kowace saba, duka su sha daga majiya ɗaya, kuma a hana slapd tashi sai agogo ya daidaita. Reshen da layinsa ke yawan yankewa ya cancanci ƙaramar na'urar karɓar lokaci daga GPS.

Akwai kuma kuskuren da ido ba ya kamawa. An girka Windows, an bar shiyyar lokaci a ta yammacin Amurka, sai wani ya ga agogo ba daidai ba ya juya shi da hannu ya dace da na bango. A fuska ƙarfe 10 ne kamar na kowa, amma a lissafin UTC sabar ta kauce da awa 8 ko 9. Kerberos, wanda Active Directory ke tantance mutane da shi, minti 5 kawai yake yafewa. Shiyyar da ta dace ita ce ta Yammacin Afirka ta Tsakiya, UTC+1, a Linux kuma Africa/Lagos.

Active Directory ya bambanta. Tun da aka bar tsarin Windows NT, kowace saba tana karɓar gyara, sai ayyuka biyar da aka keɓe wa wasu, ciki har da PDC Emulator, wadda ke ba sauran lokaci kuma ake kai mata canjin kalmar sirri da gaggawa. A cikin gini ɗaya gyara na yaɗuwa cikin daƙiƙu. Tsakanin gari da gari kuwa, tazarar da yake zuwa da ita minti 180 ce, ana iya rage ta zuwa 15. Shugaban da ya ba da umarnin a rufe asusun wani nan take ya sani cewa in ba a taɓa wannan lamba ba, kuma ba a tura da hannu ba, Jos na iya yin awa 3 ba ta ji ba.

Babban ramin da ke nan shi ne wa'adin gawa. Idan aka goge suna, ba a cire shi nan take. Ana barin alama don sauran sabobi su ji labari, sai bayan kwana 180 a share, ko kwana 60 a tsofaffin tsare-tsare da aka kafa kafin Windows Server 2003 SP1. Sabar da ta yi shiru fiye da wannan wa'adi ba za ta taɓa jin labarin waɗanda aka goge ba. Kar a ce wa zai bar saba a kashe wata shida. Yajin aikin ASUU na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur; duk sabar tsangayar da aka kashe aka rufe ɗaki a lokacin ta haura wa'adi. Gyaran gini ko inbatar da ta ƙone ana jiran kasafi ma suna kai haka. Alamar haura wa'adin ita ce rahoto mai lamba 2042 ko kuskure 8614. Akwai wani maɓalli a rajistar Windows da ke tilasta a karɓi sabar haka nan, kuma shi mai gaggawa ke fara nema. Ba mu ba da wannan shawara. A sauke ta daga matsayinta da ƙarfi, a share sawunta daga kundin, a sake ɗora ta sabuwa. In layi ba shi da ƙarfi, manhajar ntdsutil na iya shirya kwafin da za a kai a faifai, muddin shi ma bai haura wa'adin ba.

Haka nan kar a mayar da irin wannan saba baya ta hanyar hoton ajiya (snapshot) da aka ɗauka na sabar da ke gudana a matsayin inji cikin manhaja, ko a kwafo faifanta na watan jiya. Kowace saba tana lissafa gyare-gyarenta da lamba mai hawa, sauran suna riƙe da inda suka tsaya. In ta koma baya ta sake amfani da lambobin da suka riga suka gani, sai su ce mun ji wannan, su yi watsi da sabon gyara. Rahoto 2095 ke nan. Windows Server 2012 ya kawo kariya, amma sai manhajar da ke ɗauke da injin ta goyi baya.

Abin takaici kuma, sau da yawa kwafin yana nan lafiya amma ba mai amfani da shi. Kwamfutocin reshe an nuna musu DNS na hedikwata kaɗai, wato mai fassara sunan saba zuwa adireshinta, ko ba a rubuta jerin adireshin reshen a shafin Sites and Services na Active Directory ba, ko a Linux an sa adireshi ɗaya tak a SSSD, manhajar da ke tambayar kundin. Layi na yankewa kowa ya tsaya, sabar da aka saya don wannan rana tana gefe tana shan sanyin iyakwandishan. A OpenLDAP kuma a sani cewa sabar reshe ta karatu ce kawai: shiga zai yiwu ba layi, canza kalmar sirri ba zai yiwu ba. Ko da layi, abin da take yi shi ne ta nuna wa manhaja hanyar babbar saba ta adireshin da aka rubuta a updateref, kuma manhajoji da yawa ba sa bi, sai an kunna ɓangaren chain don sabar reshe ta kai saƙon da kanta. Takardar shaidar TLS, wadda ake ɓoye sirrin haɗin sabobi da ita, ita ma tana da ranar ƙarewa. Ranar da ta ƙare, ko sunan da ke kanta ya saɓa da wanda aka rubuta, haɗin sirri da ke bi ta ƙofar netwok mai lamba 636 ya tsaya.

Kwafi kuma ba ajiya ba ne. Wanda ya goge sashe guda bisa kuskure a Abuja, kafin ya ɗaga hannu daga linzami an goge a duk inda kwafi ke aiki da kyau. Sai an riƙa fitar da slapcat kowane dare ana kaiwa wani wuri, a Windows kuma a riƙa ajiye System State, wato bayanan tsarin saba har da kundin, a kunna kwandon shara na Active Directory, wanda ke nan tun 2008 R2 amma a kashe yake zuwa.

Duba lafiyar kwafi ba ya cin kuɗi. A OpenLDAP, a tambayi contextCSN a kowace saba da ldapsearch, a jera su. In babu gyaran da ke kan hanya, dole su zama iri ɗaya harafi da harafi. Tunda daidaituwar hatimi ba ta tabbatar da cewa babu abin da ya zube a tsakiya, a ƙirƙiri suna ɗaya na gwaji da ake sauya masa rubutu kowane minti 5, wata manhaja ta duba ko ya iso, ta aika saƙo a waya in jinkiri ya wuce minti 15, kuma sau ɗaya a mako a ƙirga sunayen kowane ɓangare. A Windows, repadmin /replsummary yana nuna tazara mafi tsawo da adadin gazawa a shafi guda. In aka ga kuskure 1722, galibi katanga ce ta toshe ƙofa ta 135 ko jerin 49152 zuwa 65535. In 8524 ne, a nemi DNS.

Roƙonmu ga shugabanni shi ne kar a sa hannu a takardar kammala aiki sai an yi gwaji a gaban wakilin ma'aikata, ba a kwamfutar ɗan kwangila ba. A ƙirƙiri suna a hedikwata, a duba agogo har ya bayyana a reshe. A rufe shi, a gwada shiga da shi a can. A zare wayar layi na awa guda, a ga ma'aikatan reshe suna shiga, a yi gyara a hedikwata a wannan tsakani, a mayar da waya, a ga gyaran ya iso ba wanda ya taɓa komai. A kashe wuta daga soket, a ga UPS ya umarci saba ta rufe kanta kafin batir ya ƙare, a kunna, a duba kwanan wata. Sannan a karɓi takarda rubutacciya mai bayanin wace saba za ta hau kujera in babbar ta mutu, da yadda za a hana tsohuwar dawowa tana karɓar gyara. Bayan haka shugaba ya riƙa neman shafin nan guda na rahoton kwafi a taron kowane wata, da kwanan wata a kansa da sunan wanda ya duba.

Mun gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu kula da sabobi,
Wuse, Abuja.